Yaɓen Gidan Baba a Agadas

Da muryar babban ɗan Baba na Agadas saƙon ya iso mini a WhatsApp, wani daren Talata bayan isha'i. "Yaya, Baba ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Mutanen unguwa za su yi masa walima kafin azumi, ya ce lallai a faɗa wa ɗan Alhaji na Kano." Na saurara har sau uku. Washegari na nemi hutun mako guda a wurin aiki.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin rawani ya yi. Yakan sari 'yan Kura, rawunan nan masu baƙin shuni da ƙyalli da Abzinawa ke ji da su, ya naɗe su a takarda ya nufi arewa. Shekara da shekaru masaukinsa a Agadas gida ɗaya ne, gidan wani magini a tsohon gari, kuma ɗan maginin nan shi ne muka taso muna kira Baba. Sau ɗaya aka taɓa zuwa da ni, ina ɗan shekara 11. Abu biyu na riƙe daga wannan zuwa: hasumiyar ƙasa mai itatuwa cako-cako a jikinta, da Baba, dogo siriri, yana tafe cikin lungu da Nasara bakwai ko takwas a bayansa, yana shafa bango da tafin hannu yana yi musu bayani. Yau ni mai zanen gine-gine ne a Kano, da bulo da siminti da rodi nake cin abinci, amma a can na fara ganin mutum yana gabatar da bango kamar yadda ake gabatar da ɗan'uwa ga baƙo.

Kafin in kama hanya sai da na je Kura. Har yanzu in ka shiga wasu zaurukan za ka ji ƙarar masu bugu, gaf-gaf-gaf, suna dukan ƙyalle a kan gungume har ya ɗauki sheƙi. Na zaɓi rawani ɗaya. Kuɗinsa ya yi nauyi, amma ban ja ciniki ba, domin na san hannun da zai karɓa ya san na gaske da na bogi tun daga nesa.

Na bi ta Daura, na tsallaka iyaka, na ratsa Matamaye na kwana a Damagaram. Da yamma na taka zuwa Birni, tsohuwar unguwar da fadar sarki take. A daminar 2024 ruwa ya kayar da tsohon masallacin ƙasa na garin, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma duk wanda na tambaya sai ya fara da girgiza kai kafin ya yi magana. Na tuna da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, wanda wani sashen rufinsa ya rufta kan masallata a watan Agusta na 2023. Da wannan nauyin a zuciya na shiga motar Agadas da asuba.

Tafiyar kusan kilomita 450 ce, kuma doguwa ce fiye da yadda lissafin ya nuna. Gonakin gero na Damargu suna raka ka har wajen Tanut, daga nan su fara janyewa, itatuwa su gajarce, sai ƙaya da raƙuma da rijiyoyin da makiyaya suka kewaye. An tsayar da mu a shingaye da dama an duba takardu. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta raba mana cuku da dabino, ta ce kada in sha ruwa da yawa lokaci ɗaya. Rana ta yi ja muka shiga gari.

Agadas ta faɗaɗa ƙwarai. Sabbin unguwanni sun miƙe ta kowace fuska, da shagunan waya, da babura, da manyan motocin kaya. Amma da ɗan babur ya karya kwana da ni muka doshi tsohon gari, sai ga ta nan a tsaye yadda na bar ta, faffaɗa daga ƙasa tana tsukewa zuwa sama, launinta ɗaya da ƙasar da muke takawa.

Na iske Baba a kan dakali, sanda a jingine gefensa. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat, amma idon nan mai kaifi yana nan. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Ɗan Alhaji, ka zo ke nan."

"Na zo, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ga ka kamar mahaifinka ya taso. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta."

Aka kawo shayi a ɗan ƙaramin buta kan gawayi, kofi uku kamar yadda aka saba, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Hausarsu ta Agadas tana da nata daɗin, ga kalmomin Abzinanci da na Faransanci a cakuɗe, amma babu abin da ya shige mini duhu. A nan ya ba ni labarin yadda ya faro, wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Yaron magini ne, ɗaukar ƙasa ya fara da shi, da jera ƙunƙu a rana, wato abin da mu a Kano muke kira tubali. Ya yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, ya tsinci Faransanci. Wata rana wasu Nasara suka tsaya suna kallon mahaifinsa yana yaɓe, suka yi tambaya, babu mai amsawa sai shi. Suka ce ya zaga da su gari. Ya ce abin da ya ba shi kunya ran nan shi ne sun tambaye shi wa ya gina masallaci, a wace shekara, shi kuwa haifaffen gindin masallacin ya rasa ta cewa. Daga ranar ya shiga bin tsofaffi: limamai, dogarai, matan da suka haura tamanin, maƙera. Abin da ya ji sai ya rubuta a littafin 'yan makaranta. Littattafan suna nan cikin wata akwatin ƙarfe a ɗakinsa, na gan su da idona, wasu gara ta taɓa gefensu.

Da safe ya ce zai zaga da ni. 'Ya'yansa suka so su hana, ya ce wannan ne na ƙarshe, kuma baƙon ba na kowa ba ne. Muka fita mu uku, da shi da ni da wani saurayi da ya horar, wanda ke riƙe masa kujerar roba domin ya riƙa hutawa.

Tsohon garin unguwanni 11 ne, kuma babu lungun da ya miƙe. Ni da na saba da zanen fuloti a jere sai na ce masa ai kamar ba a yi shiri ba. Ya tsaya ya dube ni. Ya ce shiri kuwa an yi, sai dai shirin makiyaya ne: kowace zuriya ta Abzinawa inda ta kafa bukkokinta nan ta gina gidajenta, hanyar da ke tsakanin zango da zango ita ta zama lungu. Ya nuna mini yadda ƙuncin lungun ke sa bango ya yi wa bango inuwa, yadda lanƙwasarsa ke karya ƙarfin iska mai yashi. Muka bi ta Katanga, inda fadar Sarkin Abzin take. Sarautar ta samo asali ne a farkon ƙarni na 15, lokacin da ƙabilun Abzinawa suka nemi wanda zai riƙa raba musu gardama. Akwai labarin da ake bayarwa cewa har Santambul aka je aka roƙo ɗan sarki. Baba ya ce yana faɗa wa baƙi wannan, amma koyaushe yakan ƙara da cewa faɗar mutanen gari ce, domin bai yarda ya sayar wa baƙo labari da sunan tarihi ba. Wannan hali nasa na daga cikin abin da ya sa nake ganin girmansa. Na sha ganin masu jagorantar baƙi a wurare da dama suna ƙara gishiri domin a ƙara musu kuɗi.

A gindin masallaci ya zauna kan kujerarsa. An fara gina shi wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya kawo ikonsa har nan, kuma ana danganta ginin da wani waliyyi mai suna Zakariyya. Hasumiyar da muke gani an sake ɗaga ta a 1844, tsawonta mita 27, ba dutse ba ƙarfe, ƙasa ce zalla da itacen goruba. Itatuwan da suka fito waje su ne ke ɗaure ginin, su ne kuma matakalar magina idan lokacin yaɓe ya zo. Ya ce in lura da wannan da kyau: wanda ya gina ta ya san za ta buƙaci gyara har abada, sai ya bar wa na baya inda za su taka.

Shi ba ya iya hawa yanzu, saurayin ne ya shige gaba na bi shi. Matakalar a murɗe take, duhu, ga warin jemagu, kuma tana ƙara matsewa har sai da na koma tafiya a karkace kafaɗuna na gogar bango. Da muka fito sama iska ta buge ni. Ga garin shimfiɗe, rufin soraye jajaye-jajaye, shanya a kan wasu, tabarmin kwana a kan wasu, ga farfajiyar fada a ƙarƙashinmu, can arewa kuma duwatsun Abzin sun yi shuɗi-shuɗi cikin hazo. Daga nan ne ake hango ayari tun yana nesa, masu kawo kantun gishiri daga Bilma, masu zuwa da gero da tufafi daga ƙasar Hausa. Na tuna kayan mahaifina ta wannan hanyar suka bi, kamar na dubban fatake kafin shi. Na leƙa ƙasa na hango Baba, ɗan ƙarami a kan farar kujera, ya ɗaga kai yana kallonmu.

Da na sauko ya tambaye ni ko na san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taka ƙasar nan. Na ce na taɓa ji. Ya ce Shehu ya biyo malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, da malamin zai wuce Makka sai ya mayar da shi gida, saboda bai taho da izinin mahaifinsa na wannan doguwar tafiya ba. Ya ƙara da cewa Gobirawa ma a tarihinsu daga Abzin suka gangara kudu. "To ka gani, ɗan Alhaji," in ji shi, "garin nan naku ne tun kafin ya zama na masu kyamara. Amma a shekara arba'in da wani abu da na yi ina wannan aiki, 'yan Nijeriyar da suka ce in zaga da su ba su cika tafin hannu biyu ba. Kuna zuwa ku sayar, ku saya, ku yi salla a masallacin, ku juya."

Ban sami abin cewa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Muka wuce gidan da Bajamushen nan Barth ya sauka a 1850, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Ɗaki ne mai ƙaramar ƙofa, sai ka sunkuya. Barth ya tarar da hasumiyar sabuwa fil, shekara shida da sake gina ta, ya kuma tarar mutanen gari suna magana da wani harshe ɗan'uwan Songhai, wanda yanzu ya ɓace Hausa ta maye gurbinsa. Daga nan sai gidan da ake kira gidan mai burodi. Daga waje ba ka ce komai ba. Da muka hau bene muka shiga ɗakin sama sai na tsaya cik. Bangon duka zane ne da aka fitar da ƙasa, da'ira cikin da'ira, ƙananan taskoki, bakan gizo mai ɗauke da rufi, babu inda hannu bai taɓa ba. Na daɗe ina bin layukan da ido ina neman inda maginin ya yi kuskure ya gyara, irin abin da mai sana'a ke nema a aikin ɗan'uwansa. Baba ya bar ni har na gama, sannan ya nuna mini wani gefe da sanda ya ce wannan shi da ƙaninsa suka mayar da shi bayan ya zube. Da bai faɗa ba da ban gane ba.

A hanyar komawa muka bi ta gaban tsohon otal ɗin da ke fuskantar masallaci, ginin da ake dangantawa da Kawusan, jagoran da ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a garin daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin na lokacin, Tegama. Da Faransawa suka karɓe garin sun kashe mutane da yawa, har da malamai. Baba ya ce wannan ma yana faɗa wa baƙinsa, ko da kuwa jikokin waɗancan sojojin ne, a hankali yake faɗa ba tare da zagi ba, amma ba ya tsallakewa.

Da dare, a kan soro, muka yi hirar da ta fi tsaya mini a rai. Ya ba ni labarin shekarun cika. A shekarun 1980 gasar tseren motoci ta Faris zuwa Dakar tana ratsa Agadas, masu yawon buɗe ido suna tururuwa su ga hamadar Tenere da duwatsun Abzin, maƙera ba sa iya ƙera gicciyen azurfa yadda ake nema. Mano Dayak ya buɗe kamfanin kai baƙi sahara, ya sa sunan garin ya shiga kunnen Turai, daga baya ya zama ɗaya daga jagororin tawayen Abzinawa, ya rasu a haɗarin jirgi a Disamba 1995. Filin jirgin garin sunansa yake ɗauke da shi. Tawayen farko ya tsayar da komai, aka yi sulhu a 1995, baƙi suka dawo, har jirage na sauka kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi. Sai tawaye na biyu a 2007. Sai sace ma'aikata Turawa a Arlit a 2010. Daga nan ƙofa ta rufe.

"Ka san abin da ya fi ciwo?" in ji shi. "A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin nan cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da muka yi shekaru muna fata. Ni na riƙa shiga gida-gida da masu awo ina roƙa musu izini wurin masu gida, don ba kowa ke yarda baƙo ya shiga masa cikin iyali da igiyar awo ba. Ranar da labari ya zo an yi kiɗa an yi guɗa. Amma baƙon da za a nuna wa, babu."

Abokan aikinsa da yawa sun watse. Direbobin da suka san sahara kamar tafin hannunsu suka koma ɗaukar matafiya zuwa Libiya, har aka kafa dokar 2015 da ta haramta hakan aka ƙwace motocin wasu, aka kuma soke ta a ƙarshen 2023. Wasu suka tafi haƙar zinariya a Jado. Bai zargi kowa ba, ya ce mai iyali ba ya cin tarihi. Shi dai bai iya barin garin ba. Sai ya shiga bin makarantu yana roƙon malamai su ba shi yara ranar da babu karatu, ya zaga da su kyauta. Yaran da aka haifa a sabbin unguwanni, wasunsu ba su taɓa shiga lungunan nan ba. Saurayin da ya hau hasumiya da ni a cikinsu ya fito.

Ɗaya aikin kuma shi ne jayayya da siminti. A Satumban 2009 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a Agadas, mutane suka tsorata da ƙasa, kowa ya sami ɗan kuɗi sai ya shafe bangonsa da siminti. Baba ya riƙa bin su yana cewa wannan rigar ba ta jikin ba ce. Ni a sana'ata na san gaskiyarsa. Bangon ƙasa numfashi yake yi, yana shan laima yana fitarwa. Idan ka rufe shi da siminti, ruwa zai sami 'yar tsaga ya shiga, ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓantare ya taho da rabin bango. Maganin shi ne abin da kakanni suka sani: a gyara indararo kafin damina, a tsare gindin bango daga kwanciyar ruwa, a sabunta yaɓe a kan kari. Wanda ba shi da kuɗin magini, Baba yakan zo da yaransa su yi masa, a ba su abinci kawai.

Ban so in mayar da maganar ta zama mai sauƙi ba, shi ma bai mayar ba. Gidan ƙasa yana da sanyi da rana da ɗumi da dare, ɗakin kwano ba zai taɓa kama ƙafarsa ba. Amma yana son hannu kowace shekara, kuma talakan da ke ciki shi ke ɗauke da nauyin abin da duniya ke kira gadonta. An ce masa kada ya canza fuskar gidansa, ba a ce ga abin gyara ba. Na yarda da Baba cewa a tsare gidajen, na kuma yarda da matar da ta tare mu a lungu ta ce masa, cikin ladabi, ɗakinta na yoyo kuma jikokinta a ciki suke kwana. Bai yi mata wa'azin tarihi ba. Ya tambayi wane ɗaki ne, ya ce wa saurayin ya je ya duba azarar gobe.

Ina kwance a soron ina kallon taurari, ganuwar Kano ce ta riƙa zo mini. An fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, ta fi hasumiyar nan tsufa da ɗaruruwan shekaru, kuma a gaban idonmu ake cin ta, nan a yanka a yi shago, can a ɗebi ƙasa. Kullum ina wucewa ta gefenta zuwa aiki. Na san masu kishinta suna nan, amma na yi ta tunanin mutum nawa ne a cikinmu za su yi shekara goma sha biyar suna zagawa da yara kyauta ba tare da an ce musu sannu ba.

Ranar walima, tun kafin rana ta fito na ji hayaniya a ƙofar gida. Na sauko na tarar da magina sun fi ashirin, tsofaffi da samari, sun zo da kwanduna da tsani. Ashe kwana da kwanaki sun kwaɓa ƙasa a wani kango da ke bayan gida, da ciyawa da kashin dabbobi, sun rufe ta ta ruɓa yadda ake so, ba su bari ya sani ba. Gidan Baba kansa ya daɗe da neman yaɓe. Zaurensa ya tsage ta kusurwa, gindin bango ya zaizaye, domin duk shekarun nan bangon mutane yake bi. Shi ne suka ce kafin a yi wani jawabi sai sun biya bashi.

Ya fito da sandarsa ya tsaya. Ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Aka kawo masa kujera.

Gayya ce sosai. Mata na kawo ruwa, yara na miƙa curin ƙasa daga hannu zuwa hannu, na kan tsani ya cafe ya maka a bango ya shafe da tafi. Wani tsoho yana ba da waƙa ana amsawa. Na tuɓe riga na shiga layin masu miƙawa. Ƙasar na da sanyi da santsi, warinta kuwa ya mayar da ni gidan kakata a cikin birni kafin a rushe shi a yi na bulo. Baba bai iya zama shiru ba. Daga kan kujera yake nuni da sanda: nan ya yi kauri, can a ƙara ruwa, wancan yaron ya bi da hannu sama zuwa ƙasa don ruwan sama ya sami hanya. Kafin azahar fuskar gidan ta koma sabuwa, jiƙaƙƙiya, da sawun yatsu a jere. Wani maginin da ya fi kowa tsufa ya hau ya fitar da ɗan zane a saman ƙofa, irin na gidajen da.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a fili. Limamin unguwa ya buɗe da addu'a. Ba a yi dogayen jawabai ba. Wani malamin makaranta ya ce yaran da Baba ya zaga da su ba ya iya ƙirga su, wasu yanzu da nasu 'ya'yan. Wani tsohon direba ya miƙe ya ce shekarun da babu ko baƙo ɗaya, kullum da safe yakan ga Baba ya yi wanka ya naɗa rawani ya je gindin masallaci ya zauna, ko Allah zai kawo mai tambaya. Ya ce a lokacin yana ganin ɓata lokaci ne, yau ya zo ya nemi gafara a gaban jama'a. Maƙera suka ba shi gicciyen Agadas na azurfa da suka ƙera da kansu. Matan unguwa suka kawo shinkafa da nama, da lemun Timiya cike da faranti.

Da aka zo kaina na miƙa rawanin, na ce saƙon Alhaji ne, ni ɗan aike ne kawai. Ya warware takardar a hankali. Ya murza gefen ƙyallen da yatsa biyu, ya duba shunin da ya kama masa fata, ya ɗaga yatsun ya nuna wa jama'a. "Na Kura ne," ya ce. Sai ya rufe fuska da hannun riga, aka ba shi lokaci.

Nasa jawabin gajere ne. Ya gode wa Allah, ya gode wa Sarki da mutanen gari, ya roƙi gafarar duk wanda ya takura wa a kan bango. Sannan ya sa aka fito da akwatin ƙarfen nan, ya kira saurayin da wata budurwa da ita ma ya horar, wadda ke shiga da baƙi mata cikin gidajen da namiji ba ya shiga. Ya damƙa musu littattafan. Ya ce su kwafe su tun gara ba ta gama da su ba, kuma inda ya rubuta "an ce", su bar shi a "an ce".

Washegari da asuba na je yi masa sallama. Na same shi a waje da tocila yana duba yaɓen, yana bin sa da tafin hannu ya ji inda ya fara bushewa. Na ce masa ina da abokai masu koyar da gini a wata makarantar koyon sana'a a Kano, zan yi magana da su mu kawo ɗalibai, ko ashirin ne.

"Da gaske kake, ɗan Alhaji?"

"Da gaske, Baba, in Allah ya yarda."

Ya kira saurayin ya ce ya kawo takarda. A tsaye a nan suka yi lissafi: kwana nawa, soron wa da wa za a shimfiɗa wa yara, buhun shinkafa nawa, wane magini ne zai karɓe su. Ya ce mu zo cikin sanyi, kada mu bari zafi ya shigo, kuma kowane yaro ya taho da tsohuwar rigar da ba ya jin tausayinta. Saurayin ya rubuta cewa ranar farko za a hau hasumiya. Baba ya karɓi biron ya soke. Ya ce hasumiya sai ranar ƙarshe, ranar farko ramin da ake ɗibar ƙasa za a kai su.

Na ninke takardar na sa a aljihun gaba, ɗan babur yana ta danna ham a bakin lungu saboda motar Damagaram ba ta jira.